Yadda za ka bi da tauraron "ba iyaka" a UML da OCL kada ya rikita maka lissafi

Ranar Asabar ƙanena da ke aji huɗu a fannin kwamfuta ya same ni a wani shagon buga takardu a Samaru, laftof a hammata, fuska a murtuke. Furojet ɗinsa tsarin aron littafi ne na laburare, ɗalibi yana da damar aron littafi 3, malami kuma ba a yanka masa adadi ba. Ɗalibai na ara lafiya lau amma duk malamin da ya zo sai manhajar ta ce wai ya cika adadinsa, alhali ko littafi ɗaya bai ɗauka ba. Ya ce "Yaya wallahi na bi kod ɗin nan ya fi sau goma." Na ce buɗe min zanen. Tauraro, wato alamar * da ke cikin zanen, shi ne ya kayar da shi, kuma nima ya taɓa kayar da ni, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda nake yi yanzu.

Mataki na 1, ka san mene ne tauraron tukuna. A UML, harshen zana tsarin manhaja wanda ƙungiyar OMG mai tsara ƙa'idoji ke riƙe da shi tun 1997, in ka ja layi daga Malami zuwa Littafi ka rubuta 0..* to lambobin nan biyu ba jinsinsu ɗaya ba. Ta ƙasa Integer ce, ta sama kuma sunan nau'inta UnlimitedNatural, wato 0, 1, 2, 3 har abin da ya yi sama, sannan aka ƙara musu baƙo ɗaya, shi ne *. Baƙon nan ba lamba ba ce irin wadda ake ƙirgawa, alama ce kawai da ke cewa a nan ba a sa iyaka ba. Integer ba shi da irin wannan kwata-kwata.

Mataki na 2, kuma nan ne gizo ke saƙa, ka je ka gano da wace siffa kayan aikinka ya ajiye tauraron. A zane kana ganin *, a fayil ɗin XMI da ake ajiye zanen UML a ciki ma za ka ga value="*", toh amma int, nau'in cikakkiyar lamba na Java, ba shi da gurbin tauraro, don haka mutanen Eclipse, masu kayan aikin rubuta manhaja, suka ɗauki -1 suka ce shi ne wakilinsa. Buɗe fayil ɗin ecore ɗinka, inda Eclipse ke ajiye fasalin tsarinka, da Notepad za ka ga upperBound="-1" zaune abinsa, kuma getUpper() na Eclipse UML2 shima -1 zai miƙo maka. Ecore har -2 yana da shi na inda ba a fayyace komai ba. Yanzu dubi abin da ƙanena ya rubuta: adadi < iyaka. Ɗalibi, 0 < 3, gaskiya ne, wuce. Malami, 0 < -1, ƙarya ce, koma gida. Ka ga kwamfutar ba ta yi laifi ba, abin da aka tambaye ta ta amsa.

Mataki na 3, kullum ka fara tambayar tauraro kafin ka kwatanta. A Java layin zai zama iyaka == -1 || adadi < iyaka, kuma don Allah kar ka bi kana watsa -1 a ko'ina kamar gyaɗa, ka yi ɗan aiki guda ɗaya ka sa masa suna irin baIyaka() kowa ya riƙa kiransa, ko ka yi amfani da ETypedElement.UNBOUNDED_MULTIPLICITY da EMF, kayan aikin Eclipse mai ɗauke da ecore, ya riga ya tanada. A cikin OCL kansa, harshen da ake rubuta ƙa'idoji da shi a kan zanen UML, wannan ɓangaren da sauƙi, don a wurin kwatance * ya fi kowace lamba girma, 5 < * gaskiya ne.

Mataki na 4, kar ka tara ko ka ninka da shi. A OCL 2.4 na 2014, in ka haɗa * da wata lamba amsar invalid ce, wato babu sahihiyar amsa, haka in ka ce toInteger() a kansa. Shi kuma invalid kamar manja ne a farin yadi, ya taɓa lissafi ɗaya sai ya bi duk na bayansa, ƙarshe ƙa'idar da ka rubuta ba ta ce gaskiya ba ba ta ce ƙarya ba, kai kuma kana ta zargin laftof. In kana son nuna "saura littafi nawa" to raba hanya da if, in iyaka * ce ka rubuta "ba iyaka" da haruffa, in ba haka ba sai ka cire. oclIsInvalid() na nan in kana son cafke inda abin ya fara.

Mataki na 5 gajere ne. Kar ka ce bari in sa 999 ko 2147483647 a madadinsa. Ta farkon wata rana za a kai ta, ta biyun kuma ƙara mata 1 a int na Java ka ga ta juye ta koma -2147483648 ba ko sallama.

Mataki na 6, lambobi masu ɗigo duniyarsu daban, kar ka haɗa su da tauraro. A OCL in ka raba da sifili invalid za ka samu, amma da zarar an juya zanen ya zama kod, double, nau'in lamba mai ɗigo na Java, yana bin ƙa'idar IEEE 754 ce da ta fito a 1985, a can 1.0/0.0 zai ba ka Infinity shiru ba ƙorafi, Infinity a cire Infinity ya ba ka NaN, wato "ba lamba ba", shi NaN ɗin ma ko da kansa ka kwatanta shi zai ce ba ɗaya suke ba. Amma 1/0 na int tsayar da shirin zai yi da ArithmeticException. Abu ɗaya, hali uku. Sannan in za ka tura ta JSON, tsarin da manhajoji ke aika wa juna bayanai da shi, ka sani babu Infinity a cikinsa, JSON.stringify na JavaScript null yake mayar da shi, don haka ka duba mai rabawar kafin ka raba, ka kuma sa Double.isInfinite da Double.isNaN a bakin ƙofa.

Na ƙarshe gwaji. Ni huɗu nake yi ko da ina sauri: iyaka 0, iyaka 1, mutumin da ya kai iyakarsa cif, da mai tauraro. Ƙanena ukun farko duk ya gwada, na huɗun ne bai taɓa ba don duk gwajinsa da asusun ɗalibi ya yi.

Layi ɗaya muka gyara, malamin gwaji ya ari littafi 12 a jere manhajar ba ta ce uffan ba. Muna shirin sake buga babi na huɗu aka ɗauke wuta, mai shagon ya ce in za a tada janareta kowane shafi da ƙarin kuɗi, sai muka bar shi zuwa Litinin.