Yadda ake binciken tarihin Daniel Boone a tsofaffin takardu ba tare da an kwaso tatsuniya ba

Duk ɗalibin da ya zo min da aiki kan Daniel Boone, maharbin nan Ba'amurke da ya yi suna wajen buɗe wa Turawa hanyar shiga yankin Kentucky, kafin in buɗe shafin farko na san abin da zan gani, hoton wani mutum da hular fatar dabba mai jela, sai labarin wai shi kaɗai ya buɗe Kentucky. To hular nan ma ba tasa ba ce, shirin talbijin na shekarun 1960 ne ya ƙara yaɗa ta, shi malafa yake sawa irin ta mafarautan zamaninsa. Ba zan tsaya koya muku yadda ake binciken intanet ba, wannan kun fi ni iyawa. Inda mutane ke faɗuwa wajen takardun ne.

Abu na farko, ka samu takarda ɗaya ka jera shekarun rayuwarsa da wuraren da ya zauna, ka manna a bango. An haife shi 1734 a Pennsylvania, ya auri Rebecca Bryan 1756 a North Carolina, 1775 ya jagoranci sare hanya ta mashigar duwatsu ta Cumberland Gap aka kafa sansanin Boonesborough a Kentucky, 1778 'yan ƙabilar Shawnee, 'yan asalin Amurka, suka kama shi, 1799 ya koma Missouri, ya rasu 26 ga Satumba 1820. Za ka ga wasu sun ce 22 ga Oktoba aka haife shi wasu 2 ga Nuwamba, kar ka ɓata lokaci kana neman wa ya yi ƙarya, Birtaniya da yankunanta sun canja kalanda ne a 1752, rana ɗaya ce lissafi biyu.

Amfanin wannan takarda shi ne ta gaya maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Kentucky ba ta zama jiha ba sai 1792, kafin nan yankin Virginia ce, kenan takardun filaye da na majalisa na wancan lokacin a ƙarƙashin Virginia aka yi su, wasu suna laburaren jihar, Library of Virginia, a Richmond. Gundumomin ma sun yi ta canja suna, Fincastle, sai Kentucky County a 1776, sai aka raba ta uku a 1780, Fayette da Jefferson da Lincoln. Haka Missouri, lokacin da ya je tana hannun Sifaniya ne. Na ga wanda ya yi ta laluben fayilolin jihar Kentucky yana neman abin da ya faru 1778, har ya rubuta a aikinsa wai babu takardu.

Daga nan sai babban rumbu, Draper Manuscripts. Lyman Draper wani mutum ne da ya kwashe rayuwarsa yana yawo a ƙauyukan Amurka yana hira da tsofaffi, yana rubuta wa jikokin mutanen farko wasiƙu, yana karɓo tsofaffin takardu, ya rasu 1891 ya bar wa Wisconsin Historical Society da ke Madison kundi 491. An raba su da haruffa. B shi ne tarihin Boone da Draper ya fara rubutawa bai gama ba, C takardun Boone, S littattafan da yake rubuta hirarrakinsa, CC takardun Kentucky inda hirarrakin wani fasto John Shane suke. Idan ka ga an rubuta 6S to kundi na 6 ne a jerin S, lambar da ta biyo baya kuma shafi. Wanda bai iya karanta wannan lambar ba kar ma ya fara. Akwai jagora da Josephine Harper ta fitar 1983, ni a wajena dole ne, ba na yarda ɗalibi ya taɓa kundin kafin ya karanta ta.

Yanzu ga inda nake so ku natsu, don nan ne kusan kowa ke zamewa. Mutum na ganin rubutun hannu a takarda mai launin ƙasa-ƙasa sai jikinsa ya mutu, ya ɗauka ai wannan shaida ce ta gani da ido. Ina! Mafi yawan abin da ke cikin Draper ji-ta-ji-ta ne da aka rubuta shekaru hamsin, sittin, saba'in bayan faruwar abin. Sai ka yi masa irin aikin da malaman hadisi ke yi wa isnadi, wa ya faɗa, daga wa ya ji, yana nan ko ba ya nan, shekararsa nawa a lokacin.

Ɗauki hirar da Draper ya yi da Nathan Boone da matarsa Olive a 1851, ita ce ke cikin 6S, kuma kowa na kafa hujja da ita. Nathan autan 'ya'yan Boone maza ne, 1781 aka haife shi. Kenan lokacin da aka sace yayarsa Jemima a 1776, da lokacin da Shawnee suka kama babansa wajen dafa gishiri a Blue Licks a watan Fabrairun 1778, sarkinsu Blackfish ya mai da shi ɗa, ya gudo a watan Yuni, aka kewaye Boonesborough a Satumba, duk wannan Nathan ko cikinsa ba a yi ba. Abin da ya ba Draper labarin da babansa ya ba shi ne, shi kuma ya maimaita yana ɗan shekara 70, kuma ɗa ne yana magana kan mahaifinsa, ba zai tona masa asiri ba. Amma idan aka zo ƙaura zuwa Missouri ko rasuwar tsohon, wadda a gidan Nathan ɗin ta faru, to nan maganarsa ta yi nauyi sosai. Mutum ɗaya, hira ɗaya, amma shafi da shafi ba darajarsu ɗaya ba, wannan ne abin da na kasa cusa wa mutane a ka.

Ko batun gurfanar da Boone gaban kotun soja bayan kewayen 1778, inda abokan aikinsa Richard Callaway da Benjamin Logan suka zarge shi da haɗa baki da abokan gaba aka wanke shi. Takardun kotun ba su tsira ba. Labarin ya zo mana ne ta hannun Daniel Trabue, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa kusan shekara hamsin bayan haka. To idan za ka kawo wannan, ka ce inji Trabue, kar ka rubuta kamar ka ga hatimin kotu.

Dokata mai sauƙi ce. Kowace magana da ka kwafo, a gefenta ka rubuta sunan mai faɗa, shekarar haihuwarsa, shekarar da ya faɗa, da dangantakarsa da Boone. A littafi da biro, ba a waya ba, na san za a ce tsohon yayi ne, a ce. Kuma ka tabbatar wane Boone ake nufi, babansa Squire, ƙaninsa ma Squire, ɗansa Daniel Morgan Boone, jikoki da 'ya'yan 'yan'uwa masu suna Daniel kuwa ba a magana. Wajen bincike ka gwada Boon da Boone duka, magatakardan lokacin yadda suka ga dama suke rubutawa.

Littafin John Filson na 1784 ka karanta, kyauta ne a intanet, amma ka sani duk da an rubuta ɓangaren Boone da ke ciki kamar shi ne ke magana, Turancin na Filson ne. Ka kwatanta da wasiƙun da Boone ya rubuta da hannunsa, haruffa a karkace, rubutu yadda kunne ya ji, za ka gane bambancin nan take. Na Timothy Flint na 1833 kuwa ƙarin gishirinsa ya fi miyar yawa, ni ba na karɓarsa a matsayin hujja sam. Bishiyoyin da ake nunawa wai ya sassaƙa sunansa ya ce ya kashe beyar, su ma ka bar wa masu yawon buɗe ido.

Maganar kuɗi, ba sai ka je Madison ba. An ɗauki hoton kundin a mikrofim, wato ƙaramin fim da ake karantawa da na'ura, manyan laburarori da yawa a Amurka suna da shi, in kana nesa kuma sai ka tura imel ka nemi a yi maka sikanin shafukan da kake so. Da dala ake biya, shi ya sa ka fara fitar da ainihin lambar kundi da shafi daga bayanan ƙarshen littafin John Mack Faragher kan Boone na 1992, kar ka ce a turo maka "duk abin da ya shafi Boone", ba wanda zai amsa maka. Hirar Nathan ma an buga ta littafi a 1999, ta fi araha nesa ba kusa ba.

Sauran da sauri. Takardun filaye, ofishin filaye na sakataren jihar Kentucky ya saka da yawa a shafinsa, a nan za ka ga safiyon da Boone ya yi da filayen da suka suɓuce masa a shari'o'i. Takardun haraji su ne za su nuna maka yana da bayi bakwai a 1787, abin da masu yabonsa ke tsallakewa. Filin Missouri da Sifaniyawa suka ba shi, majalisar dokokin Amurka ba ta tabbatar masa ba sai 1814, koken yana cikin American State Papers, tarin tsofaffin takardun majalisar, a shafin laburarenta Library of Congress. Filson Historical Society a Louisville su ma suna da takardu, a rubuta musu. Ɓangaren Shawnee kuwa kusan duk abin da za ka samu ta bakin waɗanda suka yaƙe su ne, ka faɗi haka a fili cikin aikinka, a shafin farko ba a ƙasan shafi ba.