Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Ƙera Sassan Ƙaramin Jirgin Sama na Wasa da Soso Mai Narkewa

Dabarar ba ta da wuya. A sassaƙa soson polistirin, wato soson roba mai tauri mara nauyi, daidai siffar murfin inji ko gangar jirgi, a lulluɓe shi da ƙyallen faiba (ƙyallen zaren gilashi) da resin (ruwa mai kauri da ke daskarewa ya yi tauri), idan ya ƙame a narkar da soson da sinadarin asiton a bar ɓawon. Sai dai soson sau ɗaya yake aiki, idan aka ɓata sai sabuwar sassaƙa.

Babban abin da ke kayar da sababbin hannu shi ne resin. Na poliyesta yana cin polistirin. Kana shafawa za ka ga hancin jirgin yana lotsewa a gaban idonka. Resin ɗin ifoksi ake amfani da shi, kuma mai jinkirin kamawa, don na minti 5 zai daskare kafin ka gama shimfiɗa ƙyalle. A auna haɗinsa da sinadarin daskarewa yadda aka rubuta a jikin gwangwani. Ƙara sinadarin daskarewa ba ya sa shi saurin bushewa, danƙo kawai zai bar maka.

Zaɓin soso ma haka. Farin nan mai ƙwaya-ƙwaya yana ɓarɓashewa a ƙarƙashin samfefa; shuɗi ko ruwan hoda mai matsattsen jiki ya fi. Soson poliyuretan kuwa asiton ba ya narkar da shi, sai ƙwaƙula. Idan za ka haɗa gutsattsari, sa gam can ciki, nesa da inda za a goge, don layin gam ya fi soso tauri, zai bar tudu.

A rage girman soson kaɗan, tunda ƙyallen a waje yake hawa. A naɗe shi da salatif kafin a fara, cikin ɓawon zai fito tas.

Sai zumuɗin zuba resin. Ƙarfin yana cikin ƙyalle, rarar resin nauyi ce kawai, jirgi kuwa ba ya son nauyi. Da zarar ƙyallen ya jiƙe farinsa ya ɓace, ja rarar da tsohon kati. Idan yana tattarewa a lanƙwasa, yanka shi a karkace, kusurwar digiri 45, zai kwanta.

A bar shi aƙalla awa 24 kafin a cire soson. Ƙwaƙule mafi yawansa da hannu tukuna, sannan a zuba asiton kaɗan-kaɗan, a fili mai iska, da safar hannu, nesa da wuta.