Yadda za ka zaɓi kayan haɗa kwamfutar gem da kuɗi kaɗan

Da farko ka yanke nawa za ka kashe, sannan ka ware kaso mafi tsoka ga katin hoto, domin shi ke ɗaukar nauyin gem. Radeon RX 6600 mai 8GB ya ishi mai ƙaramin ƙarfi. In na hannu ne, kada ka biya sai an kunna shi a gabanka ya yi zafi, ka ga fankokinsa na juyawa.

Sai firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta. Ryzen 5 5600 ya wadatar, amma ba ya fitar da hoto da kansa sai da katin hoto, kuma babban allon kwamfuta (motherboard) da zai hau dole ya zama mai soket AM4, kamar allon B550. Tsohon allon B450 kan buƙaci sabunta BIOS, wato manhajar da ke tada allon, tukuna.

RAM kuwa, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, a nemi nau'in DDR4, guda biyu masu 8GB. Ma'ajiyar fayiloli kuma a nemi nau'in SSD.

Inda mutane ke tsumulmula shi ne akwatin wuta (power supply), wanda ke raba wa kayan lantarki, alhali in ya ƙone yakan tafi da sauran kayan. Nemi mai wat 550 da tambarin 80 Plus Bronze, ka haɗa da UPS saboda ɗauke wuta.

A ƙarshe ka zaɓi gidan kwamfutar (akwatin da za a haɗa kayan a ciki) mai raga da matatar ƙura. Zafin Afrilu a Katsina da ƙurar hunturu ba sa raga wa na'ura.