Yadda Nake Raba Kayan Sanyi a Sakkwato

Idan hunturu ya kankama, ƙarshen Disamba, kada ka jira rana ta fito. Fita bayan sallar Asuba, lokacin da almajirai da masu kwanan tasha ke dunƙule bakin Tsohuwar Kasuwa, kwali ne shimfiɗarsu, mu kuwa bargo biyu muka lulluɓa.

Ni gwanjo nake saya, rigunan sanyi da safa, in wanke su tukuna. Haɗa da man basilin. Bara na ga yaron da faso ya tsaga wa dunduniya har jini, abin bai bar raina ba.

Tsuguna ka gaishe su: "Baba, ina kwana, ya sanyi?" Don Allah ban da ɗaukar hoto. Sai ka biya mai koko, ta zuba musu da zafinsa.