Yadda za ka gane hannun gwamnati a wuraren bautar Shinto na Japan

In Allah ya kai ka Japan, ko kana zaune a gida kana lalube a Google Maps, za ka ga jinja birjik, wato wuraren bautar Shinto, addinin gargajiyar Japan, kusan dubu 80 ne. Sai mutum ya ɗauka tun kaka da kakanni suke nan inda suke, alhali da yawansu takardar gwamnati ce ta ajiye su a wurin, kuma alamun suna nan in ka san inda za ka duba.

Fara da dogon dutsen bakin ƙofa mai ɗauke da sunan wurin. Matso kusa ka kalli samansa, wani za ka ga an cike haruffa biyu da siminti. Daraja ce aka goge. A 1871 gwamnatin zamanin Sarki Meiji ta jera jinja hawa-hawa, na ƙauye daban, na gunduma daban, har zuwa manya da gwamnati ke kula da su, to da aka ci Japan da yaƙi sojojin Amurka suka ba da umarni a Disambar 1945 a raba Shinto da gwamnati, darajar ta faɗi.

Daga nan zagaya bayan babban ɗakin, nan ne abin yake. In ka ga ƙananan ɗakunan bauta jere kamar shagunan kasuwa, nemi allon tarihin wurin ka haska shi da wayarka ta fassara maka. In da shekarar sarautar Meiji aka rubuta, ka ƙara mata 1867, wato Meiji 39 ita ce 1906, shekarar da aka fito da tsarin haɗe jinja lokacin Hara Takashi yana ministan cikin gida, burin kowane ƙauye ya rage da guda ɗaya, sauran a kwaso su a haɗa su wuri guda. Kafin 1914 kusan dubu 70 sun ɓace, a lardin Mie ma kusan tara cikin goma aka kwashe. Ba kowane ƙaramin ɗaki ne na wancan lokacin ba fa, shi ya sa na ce ka duba shekara. Abin da ya fi min ciwo shi ne kurmin da ke kewaye da jinja, ana ɗauke kami, wato abin bautar wurin, sai a sare tsofaffin itatuwan wurin a sayar, mutanen ƙauye kuma su koma taka doguwar hanya zuwa garin wasu. Minakata Kumagusu, masanin tsirrai a garin Tanabe, ya yi ta faɗa da abin har aka tsare shi a 1910.

Leƙa maƙwabta kuma. A unguwar Asakusa ta Tokyo, jinja da haikalin Buddha na Sensoji suna manne da juna don da can abu ɗaya ne, dokar 1868 ce ta raba su.

Kar duhun daji ya ruɗe ka, na jinjar Meiji Jingu a Tokyo dasa shi aka yi, itatuwa wajen dubu 100 da jama'a suka bayar, aka buɗe wurin a 1920.

In ka ga torii, jar ƙofar nan mai ginshiƙi biyu, tsaye ita kaɗai ba komai bayanta, tambayi ina ɗakin ya tafi. Akwai ɗaya a gefen filin jirgin Haneda a Tokyo. A Satumbar 1945 aka ba mutanen unguwar awa 48 su tashi don faɗaɗa filin, jinjar Anamori Inari ta bi su, ƙofarta kuwa ta zauna a wurin fakin motoci har 1999 kafin a matsar da ita bakin ruwa.