Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sayen Kayan Kicin a Zariya, da Yadda Za a Gyara

Yawancin kuɗin da ke salwanta a kayan kicin tun a kasuwa suke salwanta, kafin kayan su iso gida. Uwa za ta shiga kasuwar Sabon Gari da takardar kayan ɗakin 'yarta, a ɗauko mata maikurowef da injin kwaɓa fulawa da na gasa burodi da butar lantarki, domin ranar jere dangin miji su gani su yaba. Bayan biki da 'yan watanni sai ki tarar amarya tana tuƙa tuwo a kan kurfoti, kayan nan kuwa suna cikin kwalayensu a saman kabad. Abin yana min ciwo, don na san yadda iyaye ke matse kansu kafin su haɗa waɗannan kuɗi. Tambaya biyu ce ba a yi ba kafin a biya: me ake dafawa a gidan nan kullum, kuma da wace wuta za a dafa shi?

Mu fara da wutar, don ita ce aka fi mantawa. Kowace na'ura akwai rubutu a gindinta ko a bayanta da ke nuna yawan wutar da take ja, lamba ce da harafin W a gefenta, wato wat. Butar lantarki tana jan wat 1500 zuwa 2200. Murhun lantarki irin wanda ɗalibai ke amfani da shi a Samaru da Kongo yana jan 1000 zuwa 1500, na'urar suya da iska mai zafi ma tana kaiwa nan ko ta wuce. Maikurowef da aka rubuta wa 800 a gaba, ƙarfin ɗumamarsa ke nan, abin da yake ja daga bango ya haura 1000. Ƙaramin janaretan da ke yawancin gidajenmu kuwa bai kai wat 1000 ba gaba ɗayansa. Shi ya sa da an jona buta sai ya yi gurnani ya mutu, a yi ta zargin mai gyara. Blenda kuwa wat 300 zuwa 600 ta ishe ta, firiza ma ba ta cin wuta da yawa in ta riga ta tashi. Ƙa'idar da nake ba kowa ita ce: duk abin da aikinsa zafafawa ne a bar wa gas, abin da aikinsa juyawa ne ko sanyayawa shi za a ba lantarki. Ko a unguwar da wuta ke zama, lissafin bai canza ba. A watan Afrilun 2024 kuɗin yunit ɗaya ga 'yan rukunin Band A, wato unguwannin da aka fi ba wuta, ya haura naira 200, murhun wat 1500 kuma in ya yi awa biyu a kunne ya cinye yunit uku.

Akwai kuma tarkon kayan gwanjo. Wutarmu a Najeriya volt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Na'urar da aka ƙera wa Amurka in aka jona ta kai tsaye, nan take za ta yi ƙauri ta ƙone, komai kyanta. A duba rubutun jikinta a ga 220 zuwa 240V kafin a yi ciniki. Gwanjon Ingila ba shi da wannan matsala, har filoginsa mai ƙafa uku irin namu ne.

Blenda ita ce na'urar da ta fi cancantar kuɗinta a kicin ɗin Bahaushiya, kuma ita aka fi kashewa da hannu. Mai araha, wadda aka yi don markaɗa ayaba da madara, ita za a ɗora wa waken ƙosai na gida guda, ko jiƙaƙƙiyar shinkafar waina, a danna a bar ta tana ihu minti biyar. Injin cikinta zai yi zafi, ki ji warin waya, shi ke nan. Gyaran ba wuya. A fara zuba ruwa kafin kayan, kada a cika jog ɗin ya wuce rabi in abu mai kauri ne, a riƙa kunnawa na rabin minti zuwa minti ɗaya ana bari ta huta. Tattasai da albasa a yanka su tukuna. Busasshen abu kamar citta, kanumfari, masoro da barkono, ƙaramin kofin nan da ke zuwa tare da ita shi aka yi dominsu, kuma busasshiyar citta sai an fara farfasa ta a turmi, in ba haka ba wuƙar za ta dakushe ko kofin ya tsage. Miya mai zafi kada a rufe ta a blenda, tururi zai cilla murfin ya ƙona fuska. In kuma markaɗen na taron suna ne ko na sana'a, a aika yaro injin markaɗe na unguwa, wannan ba aikin blendar gida ba ne. Turmi da taɓarya ma kada a kyautar da su don an sayi blenda. Jajjagen da aka daka daban yake da wanda aka markaɗa ya zama ruwa, duk mai yin dafa-duka ko miyar taushe ta san haka.

Abin da na fi so in gani a kowane kicin, amma ba kasafai yake shiga kayan amarya ba, shi ne tukunyar furesha, wato mai kulle tururi. Tsoronta ake ji, ana cewa fashewa take yi. A tukunyar da muka saba, ruwa ba ya wuce zafin digiri 100 komai wutar da aka ba shi. A wannan kuwa, da yake tururin ba shi da hanyar fita sai ta ɗan bututun murfi, zafin yana kaiwa wajen digiri 120. Waken da ke cin awa ɗaya da rabi sai ya nuna a ƙasa da rabin awa, ganda da ƙafar saniya da kayan ciki su yi laushi ba tare da an ƙarar da gas ba, kuma ba sai an zabga kanwa ta ɓata launin abinci da ɗanɗanonsa ba. Hatsarin da ake ji daga abu uku yake zuwa. Na farko cikawa: kada a wuce kashi biyu cikin uku na tukunyar, wake kuwa da duk abin da ke kumfa ko kumbura, rabi kawai, domin ɓawon wake yana toshe bututun. Na biyu rashin duba bututun kafin a rufe. Ki ɗaga murfin ki hango haske ta cikinsa tukuna. Na uku gaggawa: a sauke a jira tururin ya gama fita da kansa, kada a taɓa buɗe murfi da ƙarfi. Robar murfin in ta saki ko ta tsage a sake ta, kuɗinta kaɗan ne.

Batun gas kuwa batun rai ne, a nan ina roƙon magidanta su sa ido da kansu. Ana kashe kuɗi a kan kuka, wato murhun gas, mai kai huɗu da oben da ba za a taɓa kunnawa ba, sannan a je a sayo tsohuwar silinda mai tsatsa da tiyon da aka yi don ban ruwa. Kuka mai kai biyu mai ƙwari ya wadatar da yawancin gidaje, ragowar kuɗin a sa su a sabuwar silinda, ko mai kilo 6 ko mai 12.5, da tiyon gas na ainihi da aka ɗaure bakinsa biyu da maɗauri, da kan gas mai kyau. In ana zargin yoyo, ruwan sabulu ake shafawa a mahaɗar a duba ko zai yi kumfa. Ashana ba abin gwaji ba ce. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, saboda haka in kika shiga kicin kika ji warinsa, ki rufe silinda, ki buɗe ƙofa da taga, kada ki taɓa makunnin fitila ko na fanka har sai warin ya tafi. Silinda a tsaye take zama, nesa da murhu, in da hali ma a waje cikin inuwa. Harshen wuta shuɗi ake so. In ya koma ja yana baƙanta gindin tukunya, kan murhun ya toshe, a cire a wanke a tsokace ramukan.

Kurfoti yana da amfaninsa, musamman ranar da gas ya ƙare ana tsakar girki. Amma lokacin hunturu, da sanyin Zariya ya kankama, wasu kan shigar da shi ɗaki su rufe ƙofa don jin ɗumi. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barci. A bar shi a tsakar gida.

Wajen sanyaya abinci, mutane sun fi son dogon firij mai ƙofa biyu saboda kyan gani. Inda ake yawan ɗauke wuta, firiza mai buɗewa ta sama ta fi shi nesa ba kusa ba, don sanyi ƙasa yake zama, ba ya zubewa in an ɗaga murfi. Cikakkiyar firiza da ba a buɗewa tana riƙe ƙanƙara kusan kwana biyu, mai rabi kwana ɗaya, firij kuwa awa huɗu ne. In babu kayan cika ta, a jera robobin ruwa su daskare. Naman layya a kasa shi ƙulli-ƙulli daidai girki ɗaya, maimakon a dunƙule shi wuri guda ana narkarwa ana mayarwa. Ranar da aka kawo firizar daga kasuwa a bar ta a tsaye wasu awanni kafin a jona, kuma a haɗa ta da sitabilaiza mai jinkirta tashi, saboda wutar da ke dawowa da ƙarfi ko ta zo rabi-rabi ita ke kashe kwamfuresa, wato injin da ke sanyaya ta.

Tukwanen nan masu baƙin shafe da ba sa kamu, na suyar ƙwai ne da miya. Da zarar an sa musu muciya ko cokalin ƙarfe ko soson waya, shafen ya fara ɓarewa cikin abinci. Tuwo yana son tukunya mai kaurin gindi, dambu yana son madambaci, waina tana son tanda, miyar kuka maburgi ya ishe ta. Tukwanen da ake zubawa daga tarkacen alminiyum kuma, kada a bar abu mai tsami kamar yakuwa, tsamiya ko miyar tumatir ya kwana a ciki, domin tsami yana cin ƙarfen, wani tarkacen ma akwai dalma a cikinsa. A juye a kwanon silba ko na tangaran.

Kafin ki miƙa kuɗi a kan kowace na'ura, ki ce wa mai shago ya jona ta a gabanki ki ga tana aiki, ya rubuta miki rasit da sharaɗin mayarwa. Sannan ki tambaye shi ko ana samun jog ɗinta da wuƙarta da robar murfinta a nan Sabon Gari ko Tudun Wada. In ya ce sai an aika Kano ko Legas, ki duba wata.