Yadda Ake Shirya Zaman "Aron Mutum" a Ɗakin Karatu

A shekarar 2000 aka fara wannan tsari a ƙasar Denmark, inda mai karatu yake "aron" mutum maimakon littafi, su tattauna na kimanin minti 30.

Da farko a nemo 'yan sa-kai daga cikin waɗanda ake yi wa kuɗin goro, kamar ɗan gudun hijira, makaho ko tsohon fursuna, sannan a ware musu wurin da babu hayaniya. Mai tambaya ya yi ta cikin ladabi, amma kada ya ɓoye abin da ke ransa, domin tambayar da ake jin nauyin yi ita ce ta fi kawar da mummunan zato. Wanda aka aro yana da ikon ƙin amsawa, kuma ma'aikacin ɗakin karatu ya zauna kusa domin ya dakatar da zaman idan magana ta yi zafi.